Sharhin Mako: Ina za mu kai yara yawon Salla bana a Jado?

 

Tun da azumi ya raba tsakiya, saƙonnin da kuke turo mana suka sauya. Da fari maganar tsadar sukari da shinkafa ce ta fi yawa. Yanzu kuwa iyaye mata ne ke ta maimaita tambaya guda: an ɗinka wa yara kaya, an sayi takalma, to ranar Salla in an sauko daga idi, an gaida kakanni, an ci abinci, sai ina? Wata uwa ta shaida mana cewa ɗanta mai shekara tara ya san sunan kowace irin mota da ke wucewa zuwa wurin haƙar zinari, da jin kukan inji ma yana faɗa maka wadda ke tafe, amma bai taɓa taka tsohon birnin Jado da ƙafarsa ba. Alhali daga ƙofar gidansu zuwa can tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba a mota.

Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce, ga manyan matsaloli jibge. Mu dai muna ganin ba ƙarama ba ce, shi ya sa muka ware mata sharhin wannan mako.

Lokacin da ba ya zuwa kullum

Kowa a nan ya san shekararmu ba irin ta kudu ba ce. Ba mu jiran damina. Ruwan da ke sauka a ƙasar Kawar a shekara guda, in ma ya sauka, sau da yawa ba ya kai milimita 20. Abin da muke da shi sanyi ne mai shiga ƙashi daga Disamba zuwa Janairu, sai zafin da ke haura digiri 40 daga watan Mayu. Tsakanin waɗannan biyu akwai ƴan makonni, daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, da tsoho zai iya fita da hantsi ba ya rawar ɗari, yaro kuma ya yi guje-guje ƙasa ba ta ƙona masa tafin ƙafa. Su ne makonnin fita a wannan ƙasa, babu wasu.

Bana, wato 2026, ƙaramar Salla za ta faɗo wajajen 20 ga Maris, gwargwadon ganin wata. Kenan a tsakiyar waɗannan makonni. Hutun ƴan makaranta na zango na biyu ma a ƙarshen Maris ya saba zuwa. Kuma da yake watan Musulunci na ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, baɗi Sallar za ta zo wajajen 10 ga Maris, baɗin baɗaɗa kuma a ƙarshen Fabrairu. Daga nan sai ta shige cikin sanyi.

Wannan zagaye yana cin kusan shekara 33 kafin ya dawo. A 1993 aka yi ƙaramar Salla a ƙarshen Maris, kuma manyanmu sun san halin da arewacin ƙasar nan ke ciki a lokacin: tawaye ake yi, babu mai zancen kai yara yawo. In muka bari wannan zagayen ma ya wuce, yaron nan mai shekara tara sai ya haura arba'in kafin Salla ta sake faɗowa daidai haka. Dattawan da za su nuna masa inda gidan kakanninsa yake kuwa, Allah ya ƙara musu lafiya, amma mun san lissafi.

Dabino ma lokacinsa ne

Ba iska mai daɗi kaɗai ke sa waɗannan makonni su zama na musamman ba. Lokacin furen dabino ne. Ga ƴan uwa da aka haifa a birni, bari mu yi bayani: dabino akwai namiji akwai mace. Macen ce ke ƴaƴa, amma sai garin furen namiji ya kai gare ta. In aka bar wa iska aikin, abin da za a samu kaɗan ne. Shi ya sa mai gona ke hawa, ya yanko furen namiji, ya tsattsaga shi, ya cusa reshe biyu ko uku a cikin furen macen, ya ɗaure. Dole a yi haka cikin ƴan kwanakin da furen ya buɗe, in aka makara shi ke nan, dabinon shekarar zai fito ƙanana marasa daɗi. Namiji ɗaya nagari yana isar mata kusan hamsin. Abin da aka ɗaura a Fabrairu da Maris shi ake sauke wa daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da dangi ke tahowa daga nesa su kafa bukkoki a gindin itatuwansu.

Da dabinon nan da gishirin Bilma da Fashi kakanninmu suka riƙa musayar hatsi da ayarin raƙuman Abzin. Ba mu noman gero a nan, dabino ne geronmu. Amma yau a cikin samarin da suka tashi bayan 2014, nawa ne suka iya hawan dabino? Nawa ne za su bambance furen namiji da na mace? Masu gonaki da dama suna kuka da cewa sai sun nemi ɗan ƙwadago, shi kuma yana auna kuɗin yini da abin da yake fatan samu a ramin zinari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai tsaya a ƙarƙashin dabino yana miƙa wa babansa igiya ba, da wuya ya girma ya ɗauki gonar a matsayin tasa.

Saboda haka in muka ce a kai yara yawo cikin dabinai, ba shan iska kawai muke nufi ba. Makaranta ce wadda ba ta da allo.

Me ya raba mu da fita?

Abubuwa uku muke gani.

Na farko, mun daɗe muna ɗaukar kufan Jado da Jaba a matsayin wurin baƙi. A shekarun 1980 motocin tseren Paris zuwa Dakar sun bi ta Shirfa da Dirku, Turawa masu yawon buɗe ido na zuwa da masu ja musu gora daga Agadas, su ɗauki hoto su wuce. Tawayen shekarun 1990 ya rage su, na 2007 ya ƙara, sace ma'aikata a Arlit a watan Satumban 2010 da rushewar gwamnatin Libiya a 2011 suka rufe ƙofar. Da baƙi suka daina zuwa sai wurin ya zama kamar ba shi da sauran amfani, tun da dama ba mu saba kallonsa a matsayin wurin da mu da kanmu za mu kai iyali ba.

Na biyu, zinari. Ƙidayar jama'a ta 2012 ba ta samu mutum dubu ɗaya cikakku ba a duk faɗin ƙaramar hukumar Jado. A watan Afrilun 2014 aka gano zinari, cikin ƴan makonni dubban mutane suka kwararo daga kudancin ƙasa, da Cadi, da Sudan, da Libiya. Gwamnati ta rufe wurin a 2017, amma kowa ya san haƙa ba ta mutu ba. Ba za mu yi butulci ba: zinari ya gina gidaje, ya sayi motoci, ya aurar da samari. Sai dai ya kwashe maza daga gida na tsawon watanni, ya sa kuɗin ruwa da na mai da na hayar mota sun koma na masu neman arziki. Mai katkat da zai samu lodin ganga zuwa wurin haƙa, me zai sa ya ɓata yini da mata da yara? Ita kuwa uwa ba ta fita da yara biyar a ƙafa cikin rairayi.

Na uku, tsoro. Kuma tsoron nan ba na banza ba ne. Har yau mai tahowa daga Agadas yana jiran ayarin motocin da sojoji ke rakiya. Ƴan fashi na tare hanyoyin zinari. A watan Yunin 2024 shugaban gundumar Bilma kansa aka sace a kan hanya. Wanda ya ji irin wannan labari, in ya ce iyalinsa ba za su wuce bakin gari ba, ba za mu ga laifinsa ba. Amma ya kamata mu bambance. Ratsa Tenere daban, zuwa Jado daga Shirfa da rana tsaka cikin taron jama'a da sanin hukuma daban. In muka haɗa su duka muka kira su haɗari, to mun ba ƴan fashi har abin da ba su nema ba.

Abin da ke zubewa muna kallo

Tun 2006 Nijar ta sa tsaunin Jado da ganuwarsa cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013. Namu shekara 20 ke nan yana layi.

Shi kuwa gini ba ya jiran takarda. Da laka mai gishiri da duwatsu da itacen dabino aka yi shi, irin ginin da ke jure rana shekaru aru-aru amma ba ya jure ruwa. Waɗanda suka ga abin da ruwan sama ya yi wa gidajen Bilma a watan Agustan 2006 sun san yadda irin wannan bango ke narkewa. Ga iska tana ci kullum. Ga kuma na'urar neman zinari da ta cika ƙasar: wanda ya saba tona duk inda ta yi ƙara, ba lalle ya tsaya tambayar ko kabari ne ko ɗakin tarihi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kufan da masu shi ba su leƙawa, na kowa ne.

Wannan ƙasa tana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa tafkin Cadi da Fezzan, hanyar da sarakunan Kanem da Borno suka riƙe ɗaruruwan shekaru. A kan duwatsun Blaka da wasu kwazazzabai akwai zanen raƙuman dawa da giwaye da shanu, shaidar cewa wannan hamada ta taɓa zama kore. Yaranmu suna karanta haka a littafi, wani lokaci ma da hoton da Bature ya ɗauka a bayan gidansu. Gani ya kori ji.

Wasu ba su jira baƙi ba

A Ingal kowane watan Satumba makiyaya na haɗuwa bikin lasar gishiri, kuma tun kafin a san kalmar yawon buɗe ido suke yinsa, don dabbobinsu ke buƙata. A Agadas bikin Biyanu na cika titi kowace shekara a watan Muharram, ko Bature ya zo ko bai zo ba. Mutanen Iferwan sun kafa bikin Abzin tun 2001, ya tsaya a shekarun rikici, suka sake tayar da shi. Darasin a nan shi ne, bikin da ya daɗe shi ne wanda ya tsiro daga aikin mutane da ibadarsu. Wanda aka shirya don kyamarar baƙo, ranar da baƙon ya daina zuwa yake mutuwa.

Mu ma muna da namu ginshiƙan, ba sai mun aro ba: Salla, furen dabino, da kufan kakanni. Haɗa su kawai ya rage.

Masu ja da maganar

Mun tattauna da mutane kafin wannan sharhi, kuma ba kowa ya yarda da mu ba. Ya dace ku ji hujjarsu.

Wasu dattawa na ganin kufai ba wurin wasan yara ba ne, akwai kaburbura, akwai abin da ido ba ya gani. Muna girmama wannan. Amsarmu ita ce, ai shi ya sa muke so dattawan su shige gaba. A fara da addu'a ga waɗanda suka riga mu, a nuna wa yara inda ake takawa da inda ba a takawa. Ladabin wuri a wurin ake koyonsa.

Wasu malamai sun nuna damuwa kan cakuɗuwar samari da ƴan mata da kiɗan lasifika. Gaskiya ne, in aka sake abin zai iya komawa haka. Amma abin da muke kira gare shi fitar iyali ce, uwa da uba da kaka da jikoki, a tafi da safe a dawo da rana. Bai fi zaman da yaran ke yi a bakin tasha suna kallon abin da bai kamata su gani ba?

Masu gonaki kuma sun ce lokacin aiki ne, ba na yawo ba, yara za su tattake musu shuka a garka, su karya ƙananan dabinai. Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi. Maganinsa kada a shiga gonar kowa sai da izininsa, kuma mai gonar ne zai zama malamin ranar.

Sai masu cewa ana fama da abin da za a ci, wa ke ta yawo? Ga su muke cewa, duk cikin abin da aka lissafa na Salla wannan ne mafi araha. Ba a biyan kuɗin shiga. Abincin da za a ci a gida shi za a ɗauka. Mai ne kawai abin kashewa, shi ma in gida biyar suka haɗa kai ya zo da sauƙi.

Wa zai yi me?

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin riƙo ke jan ragama, don haka babu kansilan da za mu aika da saƙo. Kai tsaye muke roƙon hukumar ƙaramar hukumarmu da sarakunan gargajiya: a tsayar da rana ɗaya, kashegarin Salla ko wadda ke bi mata, a sanar tun yanzu. A faɗa wa jami'an tsaro da wuri, su san lokacin tashi da na dawowa. Ba mu neman rumfa ko kujeru ko babban baƙo daga Yamai. Rana kawai, da izini.

Masu motoci, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa ta hanyar zinari: yini ɗaya a shekara ku ba da mota da direba. Sadaka ce da za ku gani da idonku.

Malaman makaranta: ku ba yara aikin hutu. Kowane ya dawo da labari guda da ya ji daga bakin tsoho, da Tubanci ko Barbarci ko Hausa, yadda aka faɗa masa. Mu a nan mun ɗauki alkawarin zuwa da na'urar ɗaukar murya, duk dattijo ko dattijuwar da ta yarda za mu naɗa, mu saka a shirin yara, mu kuma ajiye.

Iyaye kuwa, ga abin da ba a wasa da shi. A tashi bayan asuba, a baro wurin kafin azahar. Ko da wane dalili kada magariba ta riske ku a gindin kufan, don tafkunan da ke wurin matattarar sauro ne, kuma sauron zazzaɓin cizon sauro daga faɗuwar rana yake fara aiki. Ruwan tafkin ba na sha ba ne, ba na wanka ba ne. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha, a ware jarka ɗaya da ba za a taɓa ba sai dole. Kada mota ɗaya ta tafi ita kaɗai, kuma kada a bar hanyar da aka sani. Kada yaro ya hau bango ko ya shiga ɗakin da rufinsa ya rage rabi, akwai ramuka da rairayi ya rufe bakinsu, akwai kunama a ƙarƙashin dutse. Kowane yaro da takalmi. In an wayi gari iska ta taso da ƙura, kamar yadda ta saba a Maris, a ɗage, kufai ba ya gudu. A ƙirga yara kafin a tashi, a sake ƙirgawa kafin a juyo. Kada a rubuta suna a bango, kada a ɗauko ko da tsingaro, leda da robar ruwa kuma su dawo tare da mu.

Wanda bai samu zuwa ba, akwai 24 ga Afrilu, ranar da aka saba tunawa da yarjejeniyar sulhun 1995. Lokacin zafi ya soma, ba ranar tafiya nesa ba ce, amma wasan ƙwallon yara da tseren raƙuma da la'asar a bakin gari ba su gagare mu ba. Babbar Salla kuwa a ƙarshen Mayu za ta zo, tsakiyar zafi, wannan ta zaman inuwa ce.

Gare ku ƴan uwa na nesa

Mun san a cikin kwanakin nan kuke aiko da kuɗin kayan Salla, Allah ya saka da alheri. Bana in za ku aiko, ku ware wani abu ku ce wannan na man mota ne, a kai yara Jado. Ku kira ku tambaya ko an je. Ku ce a turo muku hoton tsohuwa tana nuna wa jikokinta unguwar da iyayenta suka faɗa mata, ku nuna wa naku ƴaƴan da aka haifa a Sabha ko Yamai, waɗanda in aka tambaye su garinsu sai su ambaci sunan unguwar haya. Da yawanku kuna da dabinai a nan da sunanku, wani ne ke hawa yana ɗaura musu fure. Ku tambayi lafiyarsu kamar yadda kuke tambayar lafiyar gida. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma waya ta rage nisa, saura niyya.

Layinmu a buɗe yake bayan sallar asham. Mai motar da zai bayar, mai gonar da ya yarda a kawo masa yara, dattijon da zai ja gaba, ya kira mu, za mu riƙa karanto sunayen unguwannin da suka shirya kowane dare har daren Salla.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya kai mu Salla lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. A sha ruwa lafiya.